'Yan asalin Abuja: mu da muka zo daga baya, me ke wuyanmu?

Abban_Kubwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya faru da ni jiya a wurin aiki, har na kwana ina juya shi. Akwai abokin aikina Bagwari, ɗan wajen Bwari, shekararmu takwas a ɗaki ɗaya. Wani yaro ya kawo mana saƙo yana ta kame-kame, sai na ce masa, "Kai, daina yi mana gwaranci, faɗi abin da ya kawo ka." Abokin nan bai ce uffan ba sai da yaron ya fita. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, harshen da uwata ta raine ni da shi ne ka mayar sunan shirme." Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ina yaro nake faɗin kalmar nan, ban taɓa haɗa ta da mutane ba. Daga nan hira ta yi nisa, ya ba ni labarin gonar doyar kakansa, ya ce yanzu rukunin gidaje ne a wurin, mai gadi ba zai ma bar shi ya leƙa ba. To tambayata ita ce: mu Hausawa da muka zo Abuja neman abinci, muka yi gida, muka haifi 'ya'ya, akwai wani haƙƙi na mutanen nan a wuyanmu, ko kuwa tsakaninsu da gwamnati ne kawai?

Gbagyiza_Karu: Wa alaikumus salam. Malam Abba, kafin a yi nisa, gyara ɗaya: sunanmu Gbagyi. Gwari suna ne da maƙwabta suka kira mu da shi har ya bi mu. Dattawanmu da yawa ba su damu ba, amma matasa sun fi son a ce Gbagyi. Na gode da ka kawo maganar da kanka, ba kowa zai yi ba.

Abban_Kubwa: Na karɓi gyara, ɗan'uwa. Ka ga ko a cikin neman afuwar ma sai da na sake yin tuntuɓe.

Dan_Kasuwar_Wuse: Ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Abuja ta kowa ce, haka aka ce tun ranar farko. Mu ba mu ƙwace gonar kowa ba, haya muke biya, kuma da tsada. Filin da na saya a wajen gari ma a hannun mai unguwarsu na saya, da shaidu, ya ƙirga kuɗinsa. Kada a bar jaki a koma dukan taiki.

Malam_Tarihi: Alhaji na Wuse, wannan "Abuja ta kowa ce" ita ce tushen ciwon, bari in ɗan koma baya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don duba batun ɗauke babban birni daga Legas. A watan Fabrairun 1976 aka fitar da doka mai lamba 6 wadda ta kafa yankin, aka yanko ƙasa daga wuraren da yau suke cikin jihohin Neja, Nasarawa da Kogi. Hujjar zaɓen wurin ita ce yana tsakiyar ƙasa, kuma ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Daga "ba na manyan ƙabilu ba ne" sai bakin mutane ya zarce zuwa "ba na kowa ba ne", alhali akwai ɗaruruwan ƙauyuka a ciki. Ƙabilu tara ake lissafawa: Gbagyi, Gwandara, Koro, Gade, Ganagana, Bassa, Egbura, Gbari da Amwamwa.

Shirin farko shi ne a kwashe kowa da kowa a kai su wajen yankin, gwamnati ta biya. Da aka yi ƙidaya aka ga yawan jama'ar da kuɗin da abin zai ci, sai a 1978 gwamnatin Obasanjo ta canja magana: wanda aikin gini ya iso kansa ne kawai za a tayar. Mutanen Wuse na asali aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, kan hanyar Kaduna. Daga baya aka zo da tsarin barin ƙauye a cikin birni, wanda shi ya sa har yau kake ganin ƙauyen Garki a tsakiyar benaye. Sannan aka sake komawa tsarin tayarwa, aka gina wa waɗanda za a tayar matsugunai a Apo da Shere-Galuwyi. Mutum ya shekara arba'in bai san ko gobe za a ce ya tashi ba, yaya zai yi gini mai ƙwari? An dawo da fadar gwamnati ranar 12 ga Disamban 1991, amma maganar masu gida ba ta ƙare ba har yau.

Ummu_Sadiq: Ikon Allah. Ashe Sabon Wuse ɗin da muke tsayawa sayen doya dalilin sunan ke nan. Sau nawa na wuce ban taɓa tambaya ba.

Basuleje: Malam Tarihi ya manta da mu. Mu sunan garinmu ma aka ɗauke. Abuja ta asali ita ce Suleja ta yau. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka yo kudu bayan jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828. Da sabon birni ya karɓi sunan sai aka sa wa namu Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kakata har ta rasu in ta ce za ta Abuja, gida take nufi.

Gbagyiza_Karu: Gaskiya ne Basuleje, amma ku suna kuka bayar, garinku na nan, fadarku na nan, kaburburan kakanninku na nan. Kuma in za a faɗi tarihi a faɗe shi duka: lokacin da Abu Ja ya iso, ya tarar da Gbagyi da Koro a duwatsun nan.

Bari in amsa wa Alhaji na Wuse da abin da idona ya gani. Ina aji biyar na firamare aka zo auna gonar babana. Mutum uku ne da littafi da tef ɗin awo. Ba ƙasar suka ƙirga ba, abin da ke kanta suka ƙirga: mangwaro kaza, kashu kaza, ɗorawa biyu, kunyar doya kaza. Akwai wata kaɗanya da kakata take tsintar 'ya'yanta tun tana amarya, da man da take yi ta sayi kwanukan auren 'ya'yanta mata uku. Mai littafin ya rubuta "itace ɗaya". Kuɗin da aka ba babana bayan shekara biyu bai kai ya sayi fuloti ko rabi a wurin da ya haifa ya girma ba. Ya koma leburanci a wurin ginin da ake yi a kan gonarsa, yana ɗaukar bulo. Shi da ya saba cika rumbu uku. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba, amma daga shekarar ya daina zuwa bikin cin sabuwar doya.

To Alhaji, i, akwai masu unguwa da ke sayar da fili. Wasu kwaɗayi ne, ba zan kare su ba. Wasu kuma lissafi suka yi: gara in sayar yau in riƙe wani abu, da gobe katafila ta zo in tashi a tutar babu.

Barista_Hauwa: Abin da Gbagyiza ya faɗa haka dokar take. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 diyyar amfanin gona da gini take biya, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. A jihohi aƙalla ana amincewa da mallakar gargajiya, ƙaramar hukuma na iya ba ka takarda a kan gonar gado. A Abuja kuwa sashe na 297 na kundin tsarin mulki ya ce duk ƙasar yankin ta gwamnatin tarayya ce, minista ne ke rabawa. Don haka Alhaji, ka yi haƙuri, takardar da mai unguwa ya ba ka ba za ta tsaya maka a kotu ba in aka ba wani wurin daga sama. Kai ma a kan siraɗi kake.

Dan_Kasuwar_Wuse: Barista kada ki tayar min da hawan jini da safiyar nan.

Barista_Hauwa: Allah ya ba ka lafiya Alhaji, gaskiya ce dai. Sannan ga ɓangaren siyasa da mutane ba sa lura. Ɗan Kano yana da gwamna, majalisar jiha, sanata uku. Ɗan asalin Abuja ba gwamna, ba majalisar jiha, sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, sai ƙananan hukumomi shida: AMAC (ta cikin birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali, Abaji. Wanda ke mulkin ƙasarsu naɗa shi ake yi, ba su da ƙuri'a a kansa. Ni in Abuja ta ishe ni ina da jihar da zan koma. Shi ina zai koma? A Janairun 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa 'yan asalin yankin sun cancanci kujerar minista kamar kowace jiha, amma sai a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo.

Bajasse_82: Ku yi min haƙuri, ni kalmar "ɗan asali" ɗin nan tsoro take ba ni. A Jos aka haifi kakana, a Jos aka binne shi, yana cikin waɗanda suka yi aikin kuza. Ni jika na je neman takardar indijin don shiga makaranta aka ce in koma garinmu. Wane gari? Ban san kowa a can ba. Da wannan kalmar aka zubar da jini a 2001 da 2008 da 2010. Yanzu ku ce in zo in goyi bayan a ƙarfafa ta a Abuja? Gobe 'ya'yan Abban Kubwa za a ce wa baƙi.

Zango_Kumasi: Bajasse ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A Gana ma a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango da yawa da aka haifa a nan suka kama hanya. Har yau tsofaffinmu ba su manta ba.

Malam_Tarihi: Bajasse, tsoronka yana kan hanya, ba zan raina shi ba. Amma a ganina abu biyu ne aka cusa a riga ɗaya. Akwai mai cewa "ni ɗan asali ne, don haka kai ba ka da haƙƙin karatu ko aiki a nan". Akwai kuma mai cewa "an karɓe gonata da sunan ƙasa baki ɗaya, a biya ni daidai, a ba ni bakin magana". Na biyun bai ce a kori kowa ba. Kai da Gbagyiza kusan ciwo ɗaya ke damunku, kowannenku an ce masa wurin da aka binne cibiyarsa ba nasa ba ne.

Bajasse_82: A rubuce bambancin a fili yake, Malam. A bakin ɗan siyasa ranar kamfe ba ya fita haka. Ka tuna abin da ya faru a Bwari a Disamban 2017 kan rikicin sarauta, har kasuwa ta ƙone. Talakawa ne suka yi asara ta kowane ɓangare.

Gbagyiza_Karu: Na tuna, kuma ba abin alfahari ba ne ga kowa. Amma Bajasse ka tambayi duk Bahaushen da ya zauna a ƙauyen Gbagyi, wa ya ba shi wurin kafa rumfa? Matsalarmu ba yawan korar baƙi ba ce. Wasu dattawanmu ma cewa suke haƙurinmu ne ya ja mana. Kaduna ƙasar Gbagyi ce kafin Turawa su dawo da hedikwatarsu daga Zungeru, Minna haka, madatsar Shiroro ta tashi ƙauyukanmu, sannan ga Abuja. Duk inda za a yi babban aiki sai a ce ga wurin masu haƙuri.

Hajiya_Maitukwane: Ni bari in sauko da ku daga siyasa. Duk mai naira ashirin a aljihu ya ciro ta. A gaba hoton Janar Murtala ne, wanda a zamaninsa aka yi dokar Abuja. Juya baya, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi daga garin Kwali. Takarda ɗaya, su biyu, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya. A wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane da hannu, tana zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikin randa. Sarkin Abuja na lokacin yana tara tukwanenta, a fadarsa Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja, ita ce mace ta farko. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Ni sana'ata ke nan, ina saro tukwane a Ushafa ina kai wa masu gidajen furanni. Ku zo ku ga yadda ake ciniki. Mace ta haƙo yumɓu, ta daka, ta kwaɓa, ta gina, ta jira ya bushe, ta nemo itacen gashi, wata randar ta fashe a wuta. Sai mai babbar mota ya zo ya tsaya yana taya ta kamar kayan gwanjo, ya tafi ya sa a falo yana cewa kayan gargajiya. In kuna neman abin yi, ga ɗaya: ku saya a hannun mai yi, ku daina karya farashi. Kuma wuraren da suke ɗebo yumɓun ma gini yana cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Sani_Injiniya: Ushafa ɗin da Bill Clinton ya je a 2000? Kuma a gefenta madatsar Usuma take, inda ruwan famfon birni ke fitowa. Na taɓa aiki a wani ƙauye da ke kusa, mata na tafiya rafi da bokiti, bututu ya bi ta bayan gidajensu ya nufi Maitama.

Ummu_Sadiq: Hajiya, ni abin da ke burge ni da matansu ɗaukar kaya a kafaɗa. Na taɓa ganin wata tsohuwa a hanyar Kuje da ƙwarya cike da itace a bayan wuyanta, tana tafe kamar ba komai.

Gbagyiza_Karu: Anti Ummu, a wurinmu kai sarkin jiki ne, shi ke tunani, ba a ɗora masa kaya. Amma 'yan matan yanzu kunya suke ji, saboda an sha yi musu dariya a kasuwa. Abin da ya fi damuna harshe ne. 'Ya'yan yayata a Karu Hausa da Turanci suke yi, in kakarsu ta yi musu magana da Gbagyi su amsa da Hausa. Ba wanda ya sa musu bindiga. Kasuwa Hausa, mota Hausa, wa'azi a coci da masallaci ma sau da yawa Hausa.

Malama_Rabi: Wannan maganar ta ƙarshe ta fi min nauyi, don ni malamar Hausa ce. Kullum muna kukan Turanci na cinye Hausa, ba mu lura mu ma muna cinye wasu ba. Ku je Bauchi ku ga harsuna nawa suka koma sai tsofaffi. Ba laifin Bahaushe ba ne harshensa ya yaɗu, amma raini laifi ne. Ku dubi kalmominmu: gwaranci na nufin maganar da ba a ganewa, amma kuma in an yi bayani dalla-dalla sai mu ce an yi shi gwari-gwari. Tumatir da attaruhu da muke miya da su kullum kayan gwari muke ce musu. Muna cin gumin mutane muna yi wa bakinsu dariya.

Mutanen Maori na Niyuzilan sun kai gaɓar da yaransu ba sa jin harshensu. A 1982 suka fara buɗe wuraren renon yara inda kakanni ke zama da jikoki ba a magana sai da Maori, a 1987 harshen ya zama na hukuma. Tsofaffin mata ne suka tsaya a kan aikin.

Dan_Kasuwar_Wuse: To Malama yanzu mu daina cewa kayan gwari ke nan? Haka fa kowa ke faɗa a kasuwa, har su kansu.

Gbagyiza_Karu: Kayan gwari bai dame ni ba Alhaji, shaida ce cewa mu manoma ne. Ɗayar ce ke da zafi.

Aminu_Dalibi: Tambaya ga Barista. Ba akwai wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan irin waɗannan al'ummomi ba? Me ya hana su kai ƙara can?

Barista_Hauwa: Akwai sanarwar da babban zauren ya amince da ita ranar 13 ga Satumban 2007. Ƙasashe huɗu suka ƙi: Amurka, Kanada, Ostareliya da Niyuzilan, daga baya duk suka sauya matsayi. Sha ɗaya suka ƙaurace wa ƙuri'ar, Najeriya na cikinsu. Kuma sanarwa ce, ba ta ɗaure kowa a kotu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne kotun Afirka da ke Arusha, wadda a 2017 ta ba mutanen Ogiek gaskiya a kan gwamnatin Kenya game da dajin Mau. Sai dai cin shari'a daban, aiwatarwa daban, su ma Ogiek ɗin sun ci gaba da fuskantar kora bayan hukuncin. Muhimmin abu a sanarwar shi ne a nemi yardar mutane tun kafin a taɓa ƙasarsu, bayan an yi musu cikakken bayani. Nan kuwa sau da yawa jan fenti a bango ne sanarwar.

Mai_Keke_Lugbe: Jan fentin nan ba ya tambayar ƙabila. Ɗakin da nake haya na wani dattijo ne Gbagyi, shekara shida bai taɓa ƙara min kuɗi ba, in an yi sabuwar doya sai ya aiko wa iyalina. Ranar da aka zo rusau tare muka fito da katifu muka tsaya a rana. Ni na ɗaure kayana na kai iyali Zariya wata uku kafin na samu wani ɗakin. Shi a ƙarƙashin mangwaron gidan ya kafa leda, ya ce in ya matsa daga nan shi ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ranar na ga bambancina da shi.

Bajasse_82: Wannan na yarda da shi. A biya diyya ta gaskiya, a gina musu wurin kafin a rushe, a ba su gonar da za su noma ba ɗaki biyu a kan dutse ba. Har zanga-zanga zan fita a kan wannan. Inda nake tsayawa shi ne ranar da za a ce kujera kaza sai mai jini kaza.

Barista_Hauwa: Amma Bajasse, duk jihohi 36 haka suke yi a aikace. Ka ce mutum ɗaya tak ya haƙura da nasa don a nuna haɗin kan ƙasa?

Bajasse_82: To a gyara na 36 ɗin, kada a ƙara na 37.

Abban_Kubwa: Jama'a na gode, na sha karatu fiye da abin da na nema. Ban dai samu amsa ɗaya ba, Bajasse da Barista kowa na da abin kamawa. Yau da safe na samu abokin nawa na ba shi haƙuri sosai, ya yi dariya ya ce tarar da zan biya ita ce in koyi gaisuwar safe da Gbagyi kafin Juma'a. Ya faɗa min sau uku, na maimaita, ya ce abin da na faɗa ko akuya ba za ta amsa ba. Gbagyiza, ko za ka turo min da murya in riƙa saurare a mota?

Gbagyiza_Karu: Zan turo da dare in na tashi aiki. Amma ka tambaye shi tukuna, karin harshen Bwari da namu na Karu akwai ɗan bambanci, kada in koya maka ya sake cin ka tara.

Dan_Kasuwar_Wuse: Barista ki duba akwatin saƙonki, na turo hoton takardar filin nan. Hajiya Maitukwane kuma, randa babba ta ruwan sanyi nawa take yanzu a Ushafa?

Hajiya_Maitukwane: Ranar Asabar zan shiga, Alhaji. In ka shirya mu haɗu a mahaɗar Dutse ƙarfe tara, ka ji farashi daga bakin mai ita. Ka zo da tsohon bargo na naɗewa, hanyar akwai gargada.